RIGAR DA AKA ƘI SAWA

Karatu: Yunusa 1:1-3, 4:1-11, Matiyu 20:20-28

Akwai wata al'ada a manyan wasannin Amurka da Kanada wadda masu kallon ƙwallon ƙafa na Turai ba su saba da ita ba. A Ingila ko Sifen, ƙungiya mai kuɗi takan nemi ɗan wasan da ranta yake so, shi ma ɗan wasan yana da bakin magana game da inda zai sa hannu. A can kuwa ba haka abin yake ba. Sau ɗaya a shekara akan tara sunayen samarin da suka yi fice a jami'o'i da ƙananan ƙungiyoyi, sa'an nan manyan ƙungiyoyi su yi ta zaɓa bi da bi. Wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ce a kan gaba, wadda ta ci kofi kuwa ita ce ta ƙarshe. A gasar NFL, ta ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga, ƙungiyoyi 32 ne suke zagayawa sau 7. A gasar ƙwallon kwando ta NBA ƙungiyoyi 30 ne, zagaye 2, tun 1985 kuma ake jefa ƙuri'a tsakanin marasa ƙarfi domin a san wadda za ta fara. Ranar zaɓen, shugaban gasa yakan hau dandamali ya kira suna, saurayin ya tashi daga tsakanin iyayensa, a sa masa hular ƙungiyar, a miƙa masa rigarta, a ɗauki hoto. Daga wannan sa'a, aƙalla a wannan shekara, ba shi da ikon buga wa wata ƙungiya wasa a gasar sai da yardar wadda ta zaɓe shi.

Bert Bell, mai ƙungiyar Eagles ta Filadelfiya, shi ya kawo shawarar, gama ya gaji da ganin masu kuɗi suna kwashe kowane gwani, aka kuwa yi zaɓen farko a 1936. Ma'anar tsarin ita ce, wanda ya fi kowa baiwa shi za a aika inda aka fi rauni. Abin mamaki, mutumin da aka fara kiran sunansa a tarihi, Jay Berwanger na Jami'ar Chicago, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba. Ba a daidaita da shi a kan albashi ba, sai ya kama harkar gabansa. Ashe tun ranar da aka haifi kiran aka haifi ƙin amsawa tare da shi.

A 1983 ƙungiyar Colts ta Baltimore ta zaɓi John Elway na ɗaya. Tun kafin ranar ya riga ya aika cewa ba zai je ba, in kuma aka matsa masa zai koma wasan besbol, inda ƙungiyar Yankees take jiransa. Mahaifinsa, wanda shi ma mai horar da 'yan wasa ne, ba ya son kocin Colts. Cikin mako guda aka yi musayarsa zuwa Denver. A 2004 tarihi ya maimaita kansa da Eli Manning. Ƙungiyar Chargers ta San Diego, wadda ta ci wasa 4 kacal cikin 16 a kakar baya, ta kira sunansa na ɗaya bayan an sanar da ita a fili cewa ba zai buga mata ba. Ya hau dandamali ya riƙe rigar da fuska a murtuke, taro yana yi masa ihu, ba a jima ba kuma a wannan rana aka miƙa shi ga Giants ta Niyok, Chargers ta karɓi Philip Rivers a madadinsa.

Wanda ya fi su duka jan magana shi ne Eric Lindros, ɗan Kanada, gwanin ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Yana ɗan shekara 16, a 1989, ya ƙi zuwa ƙaramar ƙungiyar Sault Ste. Marie da ta zaɓe shi, iyayensa suna cewa garin ya yi nisa kuma karatunsa zai taɓu. A 1991, yana da shekara 18, ƙungiyar Nordiques ta birnin Quebec, mai magana da Faransanci, ta zaɓe shi na ɗaya a babbar gasar NHL. Aka miƙa masa rigar, ya ƙi sawa. Shekara guda cur ya yi bai je ba, sai a 1992 aka sayar da shi ga Flyers ta Filadelfiya, a kan 'yan wasa shida, da damar zaɓe biyu, da dala miliyan 15. Ranar da ya fara zuwa wasa a Quebec cikin rigar Flyers, 'yan kallo suka yi ta jefa robar tsotson jarirai a kan ƙanƙarar, wato suna ce masa jariri ne mai kukan banza.

BA KOWANE ƘI NE GIRMAN KAI BA

Mai hanzarin yanke hukunci zai ce dukan waɗannan samari masu girman kai ne, ya rufe maganar. Amma Kirista ba shi da izinin yin shari'a da gaggawa, ko da a kan baƙon da yake gani a talabijin ne. Tsarin zaɓen nan ba kiran Allah ba ne, yarjejeniyar 'yan kasuwa ce. Masu ƙungiyoyin attajirai ne, suna iya sayar da ɗan wasa da tsakar dare ba tare da sun tambayi matarsa ko makarantar 'ya'yansa ba. Ita kanta Colts da Elway ya ƙi, a watan Maris na 1984 ta kwashe kayanta cikin manyan motoci da dare ta koma Indianapolis, ta bar mutanen Baltimore suka wayi gari ba ƙungiya. Ɗan wasa kuwa jikinsa ne jarinsa, gwiwa ɗaya ta goce aikin ya ƙare. Littafi Mai Tsarki bai taɓa hana ma'aikaci neman hakkinsa ba (Luka 10:7, 1 Timoti 5:18).

Ga Bo Jackson a 1986. Ƙungiyar Buccaneers ta Tampa ta ɗauke shi a jirgin saman mai ƙungiyar domin ya ziyarce ta, aka tabbatar masa tafiyar ba ta saɓa wa dokar wasannin jami'a ba. Ashe ta saɓa, aka hana shi ƙarasa kakarsa ta ƙarshe ta besbol a Jami'ar Auburn. Ya gaskata da gangan aka yi masa haka domin a rufe masa ƙofar besbol. Ya gaya musu kada su ɓata zaɓensu a kansa, suka yi kunnen ƙashi suka zaɓe shi na ɗaya, ya kuwa ƙi, ya tafi besbol a kan kuɗin da bai kai kusa da nasu ba. Mutumin da ya bar kuɗi mai yawa domin ba ya so ya yi wa mai ruɗinsa aiki, da wuya a kira shi mai girman kai. Haka Danny Ferry ya ƙi Clippers ta Los Angeles a 1989 ya tafi Italiya. Mai ƙungiyar a lokacin, Donald Sterling, shi ne wanda NBA ta kora har abada a 2014 saboda kalaman wariyar launin fata. Manzo Bulus ma ya taɓa ƙi. Da mahukuntan Filibi suka sa aka doke shi ba shari'a, kashegari suka aiko a sake shi a ɓoye, sai ya ce ba zai fita ba sai sun zo da kansu, gama shi ɗan ƙasar Roma ne (Ayyukan Manzanni 16:35-39). Tawali'u ba ya nufin mutum ya zama tabarmar kowa.

Akwai kuma wata hanyar sauƙi da masu wa'azi sukan bi, wato su nuna cewa mai girman kai ya faɗi, su kawo Karin Magana 16:18, jama'a su ce amin. Ayar gaskiya ce, amma ba ta ba da ranar faɗuwar ba, labaran nan kuma ba su yarda a yi musu wannan gajeren lissafi ba. Gaskiya ne Lindros bai taɓa ɗaga kofin Stanley ba, raunukan kai suka gajarta masa ƙarfi, ƙungiyar da ya ƙi kuwa ta koma Denver a 1995, ta zama Avalanche, ta ci kofin a 1996 da 2001 da taimakon Peter Forsberg, ɗaya daga cikin waɗanda aka ba da a madadinsa. Amma Elway ya ci babban kofi sau biyu, a 1998 da 1999. Eli Manning ma sau biyu, a 2008 da 2012. Philip Rivers, wanda bai ƙi zuwa San Diego ba, ya yi wa ƙungiyar hidima shekara 16, bai ci ko ɗaya ba. In da kofi ne ma'aunin, da sai a ce waɗanda suka ƙi su ne masu hikima. Wannan ita ce damuwar da ta kusa kā da Asaf a Zabura 73, sa'ad da ya ga masu fāriya suna ƙiba, shi kuwa yana shan wuya, har ya fara tunanin ko tsabtar zuciyarsa aikin banza ce. Bai sami amsa a kasuwa ko a fada ba, sai da ya shiga Haikali. Iyayen da suke koya wa 'ya'yansu cewa tawali'u dabara ce ta samun nasara suna shirya musu tuntuɓe, gama wata rana yaron zai ga mai girman kai ya ci kofi, ya ce an ruɗe shi.

INDA CUTAR TAKE

To, in ba a ƙin kansa take ba, ba kuma a sakamako ake gane ta ba, ina girman kai yake ɓuya? Littafin Yunusa ya nuna wurin.

Yunusa ba ƙaramin annabi ba ne a gida. Littafin 2 Sarakuna 14:25 ya nuna shi mutumin Gat-hefer ne, wanda ya yi annabci a zamanin Yerobowam na biyu cewa za a mai da wa Isra'ila iyakokinta, maganar kuwa ta cika. Wato mutum ne mai suna, mai kawo labarin da jama'a suke son ji. Sai ga kira zuwa Nineba, babban birnin Assuriya, maƙiyan jama'arsa. Nineba tana gabas, shi kuwa ya gangara Yafa, ya biya kuɗin jirgi da hannunsa, ya nufi Tarshish a yamma. Yara a makarantar Lahadi sukan ɗauka tsoro ne ya kore shi. Amma a sura ta 4 shi da kansa ya faɗi dalili: ya san Allah mai jinƙai ne, zai gafarta wa mutanen in sun tuba, shi kuwa ba ya so baiwarsa ta amfane su. Bai yi shakkar ikon Allah ba, bai yi shakkar kansa ba. Mutanen ne ya ga ba su isa ba.

Nan ne cutar take. Sa'ad da saurayi ya dubi wani gari ya ce ya yi masa ƙanƙanta, ko ya yi sanyi, ko mutanensa suna wani harshe, ko 'yan talla ba za su gan shi a can ba, abin da yake faɗa shi ne, baiwar nan tawa ce, ta fi ƙarfin waɗannan mutane. A garin kuwa akwai ma'aikacin da ya tara kuɗin tikiti domin ya kai ɗansa kallo, akwai tsohon da ya shekara ashirin yana jiran ranar da ƙungiyarsa za ta ga haske, akwai 'yan wasa goma sha da za su zauna ɗaki ɗaya da shi, waɗanda ya riga ya sanar wa duniya cewa ba su dace da shi ba. Allah ya rufe littafin Yunusa da lissafin mutane, fiye da 120,000, har da dabbobinsu, domin annabin yana kukan inuwar da ta bushe masa, bai ƙidaya rayukan da suke gabansa ba. Shi kuwa tsayin nan na ƙafa bakwai, da saurin ƙafa, da ƙarfin dantse, wane ne ya ƙera wa kansa? Bulus ya tambayi Korantiyawa ko suna da wani abu wanda ba karɓa suka yi ba (1 Korantiyawa 4:7). Ɗan wasa yana da yabo a kan horon da ya sha, amma ƙasar da ya yi shukar a kai ba shi ya halicce ta ba.

Ya kamata a lura kuma, Yunusa ya je Nineba daga baya, ya yi wa'azi, birni ya tuba, duk da haka ya fita ya zauna yana fushi. Ana iya sa rigar a jiki, zuciya ta ƙi sawa. Ɗan wasan da ya je yana gunaguni, yana ƙirga kwanakin da suka rage ya gudu, bai fi wanda ya ƙi a fili da kome ba, sai dai bai ba 'yan jarida abin rubutawa ba.

Labarin Steve Francis ya taɓa masu bi ta wani gefe dabam. A 1999 ƙungiyar Grizzlies ta Vancouver a Kanada, wadda ta ci wasa 8 cikin 50 a kakar baya, ta zaɓe shi na biyu. Duniya ta ga fuskarsa a ɓace a kan dandamali. Yaro ne da ya tashi cikin talauci a jihar Maryland, mahaifiyarsa ta rasu a 1995, kakarsa ce ta riƙe shi, saboda haka da ya ce Vancouver ta yi nisa da gida, mai tausayi zai fahimta. Amma cikin dalilan da aka ji daga gare shi har da haraji, da kuɗin talla, da kuma cewa nufin Allah ne kada ya je. Aka yi musayar da ta shafi ƙungiyoyi 3 da 'yan wasa 11 domin a kai shi Houston, inda ya tarar da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Grizzlies kuwa ta bar Vancouver a 2001. Ba wanda ya san abin da ya wuce tsakanin Francis da Mahaliccinsa a ɗakin addu'a. Amma abin tsoro ne yadda nufin Allah yakan faɗo daidai a kan garin da ya fi ɗumi, ya fi kuɗi, ya fi sauƙin haraji. A Littafi Mai Tsarki kiran Allah yakan ja mutum zuwa inda jikinsa ba ya so, Musa zuwa gaban Fir'auna, Hananiya zuwa gidan da Shawulu yake, Filibus daga babbar farkawa a Samariya zuwa hanyar hamada saboda mutum ɗaya. Doka ta uku (Fitowa 20:7) ba rantsuwar kasuwa kaɗai ta hana ba. Wanda ya riga ya yanke shawara saboda aljihunsa, sa'an nan ya buga mata hatimin sunan Ubangiji domin kada a yi masa gardama, shi ma ya ɗauki sunan a banza. Ya fi kyau mutum ya ce a sarari, wannan ne na fi so. Allah yana iya aiki da mai gaskiya. Yakubu 4:13-16 kamar domin ranar zaɓen nan aka rubuta shi, gama yana magana da masu zana garin da za su je, da shekarar da za su yi, da ribar da za su ci, alhali ba su san gobe ba.

WANDA YAKE TSAYE A BAYAN YARON

Duk wanda ya bi labaran nan zai ga wani abu yana maimaituwa. A bayan Elway akwai mahaifinsa Jack. A bayan Eli akwai Archie Manning, wanda ya yi fiye da shekara goma yana shan duka a ƙungiyar Saints ta New Orleans ba tare da ta gama kaka ɗaya da rinjaye ba, ya kuma fito fili ya mara wa ɗansa baya. A bayan Lindros akwai uwa da uba, uban ma ya zama wakilinsa a ciniki. Yaro ɗan shekara 16 ba ya farkawa da safe haka kawai ya ga ya fi ƙarfin gari guda. Wani ne ya gaya masa, ko kuwa ya ji ana faɗa a bakin akushi.

Matiyu 20:20 ya ce uwar 'ya'yan Zabadi ce ta zo ta durƙusa ta roƙa wa Yakubu da Yahaya kujerun dama da hagu a Mulki. Markus 10:35 ya ce su da kansu suka roƙa. Ba saɓani ba ne. Irin wannan buri na gida ne, ba a iya raba inda na uwa ya ƙare na 'ya'ya ya fara. Ba muguwar mace ba ce, tana cikin matan da suka tsaya daga nesa ranar gicciye (Matiyu 27:56). Ƙauna ce ta kawo ta, kamar yadda ƙauna ta sa Archie Manning bai so ɗansa ya sha irin wuyar da ya sha ba. Amma roƙonta ya fusata sauran goman nan, ya kusa tsaga ƙungiyar almajirai ana dab da shiga Urushalima. Yesu bai tsawata mata da zafi ba. Ya juya ga samarin ya tambaye su ko za su iya shan ƙoƙon da zai sha, sa'an nan ya koya wa dukansu cewa a wurinsa babba shi ne bara. Abin da 'ya'yanta suka samu daga baya shi ne, Yakubu ya zama na fari cikin manzanni da aka kashe, da takobin Hirudus (Ayyukan Manzanni 12:2), Yahaya kuwa ya tsufa a tsare a tsibirin Batmusa.

Gidan da aka gane yaro yana da baiwa yana cikin gwaji mai wuya. Nan da nan akan ɗauke masa shara da ɗiban ruwa, ƙannensa su yi, domin shi ne begen gida. In malami ya hore shi, uba ya je makaranta da faɗa. In koci ya ajiye shi a benci, a ce hassada ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa an bar shi ya miƙe yadda ya ga dama, domin kowa yana jiran inuwarsa. Yesse bai yi haka ba. Bayan Sama'ila ya zuba wa Dawuda mai a gaban 'yan'uwansa, yaron ya koma kiwon tumaki, ranar da ya gamu da Goliyat ma aike aka yi masa, ya kai wa yayyensa gurasa, ya kai wa shugabansu cuku (1 Sama'ila 17:17-18). Zaɓaɓɓen sarki ne, yana ɗauke da abincin wasu.

A cikin wasannin ma akwai masu irin wannan tarbiyya. A 1987 ƙungiyar Spurs ta San Antonio ta zaɓi David Robinson na ɗaya, alhali yana da hidimar shekara biyu da zai yi wa rundunar sojan ruwa. Yana da hanyar da zai jira ikon Spurs a kansa ya ƙare ya nemi babban birni. Ya sa hannu da su, a kan albashi mai tsoka kuwa, ya gama hidimarsa, ya iso a 1989 ya tarar da ƙungiyar da ta ci wasa 21 cikin 82. A shekararsa ta fari ta ci 56. A 1991 ya ba da ransa ga Almasihu. Gwajinsa na ainihi ya zo a 1997, da aka zaɓo wani saurayi mai suna Tim Duncan. Robinson, wanda ya riga ya zama gwarzon gasar duka a 1995, ya ja da baya ya bar wa yaron gaba, yana yi masa aikin ƙarfi a ƙarƙashin kwando. Sun ci kofi tare a 1999 da 2003, amma ko da ba su ci ba, abin da ya yi ya riga ya cika. A 2001 ya buɗe makarantar Carver Academy domin 'ya'yan unguwar talakawa a garin da aka aika shi. Haka kuma Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Nijeriya suka haifa a Atina ta ƙasar Girka, ya kuma yi tallar kaya a bakin titi yana yaro. A 2013 aka zaɓe shi na 15 zuwa Milwaukee, gari mai tsananin sanyi wanda manyan 'yan wasa ba sa rububin zuwa. A kakarsa ta fari ƙungiyar ta ci 15 ta sha kashi 67. A 2020, da dama ta zo ya tafi, ya sake sa hannu, a 2021 kuma garin ya ga kofin da rabonsa da shi tun 1971.

Iyalai a ƙasar nan ba su da ɗa a NFL, amma sun san takardar da take ɗauke da sunan wani gari da ba su zaɓa ba. Tun 1973 ake tura masu digiri bautar ƙasa zuwa jihohin da ba nasu ba, kowa kuma ya san takardun asibitin ƙarya da akan nema domin a mai da yaro Abuja ko Legas. Nan ma sai a yi hankali da hukunci, gama a 2011 an kashe masu bautar ƙasa a jihar Bauchi cikin rikicin bayan zaɓe, uwar da take jin tsoro saboda ran ɗanta ba mai girman kai ba ce. Amma uban da ya sayi takardar ƙarya domin kawai ƙauyen ba lantarki, ya koya wa ɗansa abu biyu a rana ɗaya: ƙarya halal ce, mutanen ƙauye kuma ba su isa su ci moriyar iliminsa ba. A cikin ikkilisiya kanta, majalisa takan tura sabon fasto wata ƙaramar majami'a a bayan dutse, sai a ga dattawan gidansu suna sintiri a ofishin shugabanni, a ƙarshe a ji cewa Ubangiji ya nuna masa hidimar birni. Majami'ar bayan dutsen kuwa ta ci gaba da jira, wani dattijo mai karatun aji huɗu yana riƙe da ita, yana binne matattunta.

Shi Eric Lindros, da ya manyanta, ya bayyana cewa ba mutanen Quebec ya ƙi ba, ba kuma harshensu ba, mai ƙungiyar ne ba ya so ya yi wa aiki. Mai yiwuwa haka ne. Sai dai mutanen birnin ba haka suka ji ba a 1991, abin da suka gani shi ne yaro ɗan shekara 18 ya ƙi taɓa rigarsu a gaban duniya. Ya auri mace 'yar lardin Quebec, aka kuma shigar da sunansa zauren gwarzayen wasan a 2016. A 2017 aka gayyace shi wani shirin talabijin na Faransanci a lardin, aka miƙa masa rigar Nordiques mai launin shuɗi, ya karɓa ya sa, 'yan kallo suka tafa. Shekara 26 ke nan bayan ranar da aka fara miƙa masa ita. A lokacin ƙungiyar ta yi shekara 22 da barin garin, ba kuma wata da ta maye gurbinta.